Akwatin horo kafin ɗakin tiyata: jagora ga likitocin mata masu koyon fiɗa ta ƙaramin huji

Likitan da ke neman ƙwarewa a fannin haihuwa da cututtukan mata a Yamai ba ya rasa aikin hannu, domin duk wanda ya yi ƴan watanni yana kwanan gardi a asibitin haihuwa na Maternite Issaka Gazobi ya buɗe ciki ya ciro jarirai da dama, ya ɗinke mahaifa, ya kuma tsayar da jini da yatsunsa cikin gaggawa. Wannan sabo ne ke sa wasu su ɗauka cewa tiyatar ƙaramin huji, wadda ake kira selyo a ɗakin aiki, inda ake zura kyamara da dogayen kayan aiki ta ƙananan huji ana kallon cikin a allo, tsohon aikin ne aka rage masa ƙofa. Ba haka ba ne. Hannun da ya gwanance a buɗaɗɗen ciki yakan koma baƙo ranar da aka miƙa masa dogon hantsaki aka ce ya ɗaga kai ya dubi allo, kuma jikin macen da ke kwance cikin barcin magani ba wurin da za a yi wannan baƙunta ba ne.

Abin da ke rikita sabon shiga a fili yake. Allo shimfiɗaɗɗe ne, ba ya nuna zurfi, saboda haka mutum zai kai hantsaki ya kama iska alhali abin da yake nema yana can gaba ko baya. Kayan aikin kuma tsawonsu ya haura santimita 30, kaurinsu milimita 5, kuma suna ratsa bangon ciki ta cikin bututun da ake kira turoka, wanda ya zama musu madogara. Aikinsu irin na jigon lambu ne: idan ka danna wannan kai ƙasa, wancan kan ne ke tashi sama, idan ka kai hannu dama, bakin kayan ya tafi hagu. Ga shi yatsa ba ya taɓa nama balle ya ji taushi ko tauri, ga ƴar rawar hannun da ba a lura da ita a buɗaɗɗen aiki kyamara tana faɗaɗa ta har kowa ya gani. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da karatu ke magancewa. Ƙwaƙwalwa da ido da hannu ne za su sake sabawa da juna, kuma maimaici kaɗai ke kawo haka.

Likitocin mata ne suka raini wannan fasaha tun tana ƙarama. Raoul Palmer a birnin Paris ya kafa tushenta a shekarun 1940, Hubert Manhès da Maurice-Antoine Bruhat a Clermont-Ferrand suka nuna a shekarun 1970 cewa ana iya magance cikin da ya zauna a ƙahon mahaifa ba tare da an buɗe mara ba, sannan Kurt Semm na birnin Kiel a Jamus, wanda ya cire ƴar hanjin nan ta apandis ta wannan hanya a 1980, ya ƙera akwatin horo mai suna Pelvi-trainer a 1985 saboda ya ga ba a koyon aikin da kallo. Hujja mafi kusa da fanninmu ta fito daga Danmak a 2009, inda aka raba likitocin mata masu koyo gida biyu, aka horar da kashi ɗaya a na'urar kwaikwayo ta kwamfuta har suka kai mizanin da aka gindaya, aka bar sauran da koyon da aka saba. Da aka zo cire ƙahon mahaifa a jikin marasa lafiya, waɗanda aka horar sun gama cikin kimanin minti 12, sauran kuwa kimanin minti 24, kuma makin ingancin aikin na farkon ya fi yawa. Na'urar kwamfuta tana da tsada ƙwarai, amma ga ƙwarewar farko akwati mai sauƙi yana biyan buƙata, har ma ya fi ta da abu ɗaya, wato ana jin nauyin zare da turjiyar nama a hannu. A wurin da na'urorin selyo ba su wuce ƴan manyan asibitoci ba, kuma masu koyo suka fi ranakun aiki yawa, jiran a sayo na'ura mai tsada ɓata shekaru ne kawai.

Haɗa akwatin

Kafinta a kasuwar Katako zai iya haɗa shi cikin yini guda idan aka ba shi awo: tsawo kimanin santimita 40, faɗi 30, tsayi 20 zuwa 25, gefe ɗaya a buɗe domin saka kayan gwaji da fitar da su. Babbar robar ajiye kaya ma tana yi idan aka kifa ta, da sharaɗin kada ta zama mai nuna abin da ke ciki, domin idan ido yana iya satar kallo kai tsaye to horon ya tashi a banza. A huda murfin yadda ake huda cikin mace a aikin gaske, wato huji ɗaya a tsakiya a madadin cibiya, biyu a gefen dama da hagu can ƙasa, ɗaya kuma a tsakiyar mara. Kowane huji a rufe shi da robar cikin taya mai kauri sannan a soke turoka ta ciki, saboda ya riƙe kayan aiki amma ya bar su su juya. A manna ƴar fitila mai batir a cikin rufin, a shimfiɗa abin da ba ya ƙyalli a ƙasa.

Batun kyamara ya fi na katako muhimmanci. Ƙaramar kyamarar kwamfuta da aka haɗa da waya, ko salular da aka ɗora a kan huji ana kallon fuskarta kai tsaye, duka suna aiki. Abin da za a guje wa shi ne tura hoto daga salula zuwa talabijin ta iska, domin hoton yakan makara da ɗan ƙyaftawar ido, kuma wanda ya horar da hannunsa a kan hoton da ke makara ya koyi abin da sai ya sha wahala kafin ya mance shi. Gwajin mai sauƙi ne: a motsa hantsaki da sauri a dubi allo, idan an ga jinkiri a canja tsari.

Kayan hannu kuwa dole su zama na gaske. Ana buƙatar hantsaki biyu masu lanƙwasasshen baki, almakashi, mariƙin allura, da sandar tura ƙulli. A nemi waɗanda aka daina amfani da su a ɗakin tiyata, da izinin shugaban sashe, a wanke su a kashe ƙwayoyin cuta, a yi musu alamar da za ta hana su komawa cikin kayan marasa lafiya. Zaren ɗinkin da wa'adinsa ya wuce shi ma ya isa. Idan akwai ɗan kuɗin da za a kashe, a kashe shi a kan mariƙin allura mai kyau, domin wanda bakinsa ya cinye yana barin allura ta juya, mai koyo ya yi ta zargin hannunsa a kan laifin ƙarfe.

Kafin a taɓa komai a gyara tsayuwa. Allo ya kasance a gaban mai aiki sosai, ɗan ƙasa da saitin ido, ta yadda ido da hannu da abin da ake aiki a kai da allon za su hau layi ɗaya. Teburi ya yi ƙasa har kafaɗu su sauka, gwiwar hannu ta tsaya kusa da jiki a buɗe tsakanin digiri 90 da 120. Kan babban yatsa kaɗai ke shiga zoben hantsaki, ba a cusa shi har gindi. Bakunan kayan biyu su haɗu a kusurwar da ta kusa digiri 60, wadda ita ce mafi sauƙin ɗinki. Wanda ya ji kafaɗarsa ta ƙage bayan minti goma, teburinsa ne ya yi tsawo.

Darussan hannu

A fara da riƙon kyamara, ko da yake masu koyo sukan raina shi. Shi ne aikin farko da za a ba ƙaramin likita a ɗakin tiyata, kuma da shi babban likita ke gane ko za a iya miƙa masa wani abu gaba. A manna lambobi a kusurwoyin akwatin da bayan ƴan shingaye, abokin horo yana kiran lamba, mai riƙo yana nemo ta, ya kawo ta tsakiyar allo, ya tsaya cak na ƴan sakanni ba tare da hoton ya karkace ba. Karkacewar hoto ita ce babbar illa, domin idan sama da ƙasa suka jirkice ba a sani ba, mai yanka yana iya ɗaukar wani abu a matsayin wani. Madubin leƙen ciki, wato sandar da ake haɗa kyamara da ita, idan bakinsa na da kusurwar digiri 30 yana da nasa sirrin, wato ana juya igiyar haske ne a leƙa gefe alhali kan kyamarar yana tsaye, kuma wannan sai da madubin gaske za a koye shi, a ranar da ɗakin tiyata ba shi da aiki.

Daga nan sai darussan da tsarin FLS na Amurka, wato manhajar koyar da tushen wannan tiyata, ya tsara, wanda aka ƙaddamar a 2004 bisa aikin da aka fara a jami'ar McGill ta Kanada. Tarayyar likitocin mata masu wannan aiki a Turai tana da nata tsarin mai suna GESEA, kuma manufarsu ɗaya ce. Darasin FLS na farko shi ne sauya wuri: allo mai turaku 12 da ƴan robobi 6, a ɗauki kowace da hannun hagu, a miƙa wa na dama a sama ba tare da an dogara da komai ba, a sa ta a turken ɗaya gefen, sannan a dawo da su duka ta hanyar da aka bi. Ƙusoshi a jikin katako da guntayen tiyon ƙarin ruwa suna maye gurbin na kanti. Amfanin darasin shi ne tilasta wa raunannen hannu aiki, domin kusan kowane sabon shiga yakan mance da hagunsa a gefen allo tana lilo, kuma kayan aikin da aka mance da shi a cikin ciki shi ne ke huda hanji.

Na biyu yankan da'ira ne. A zana da'ira a kan kompires, wato ƙyallen share rauni, mai ninki biyu, a ɗaure shi a sama da matsi, a yanke da'irar a kan layi ba tare da an kauce fiye da milimita 2 ba. Mai kallo zai zaci almakashi ne ke aikin, alhali hannun da ke jan ƙyallen ne ke yin sa, shi ke miƙar da wurin yanka ya kuma juyo da shi zuwa bakin almakashi. Wannan jan da mayar da ja shi ne ginshiƙin raba duk wani abin da ya manne a mara. Na uku zarge ne: a zura madaukin zare a wuyan wani abu mai kama da yatsa, yatsan safar hannu da aka cusa wa soso ya isa, a tsuke shi daidai kan layin da aka zana, a yanke zaren.

Ɗinki da ƙulli a cikin akwati su ne inda mafi yawan mutane ke karaya, kuma su ne suka cancanci rabin lokacin horo gaba ɗaya, domin likitan da ba ya iya ɗinki ba shi da abin yi ranar da mafitsara ta ɓule ko jijiya ta ƙi jin wuta. A yanke zare mai lamba 2-0 ya zama santimita 15, domin wanda ya fi haka tsawo yakan cukuikuye, wanda ya gaza kuma ba ya naɗuwa. Ana shigar da allura ta babban turoka ne a riƙe da zaren, kimanin santimita 2 daga gindinta, ba a riƙe da ita kanta ba. Ɗora allura a bakin mariƙi darasi ne mai zaman kansa, kuma ya kamata a yi kwanaki ana yin sa shi kaɗai: hannun hagu ya riƙe allurar sako-sako, na dama ya ja zaren a hankali har ta juyo ta tsaya a gicciye, sannan mariƙi ya kama ta a inda kashi biyu cikin uku na tsawonta ya ƙare daga tsini. Idan ba ta zauna daidai ba a sake, kada a ce za a gyara a cikin nama.

Tsinin allura ya shiga a tsaye, sannan wuyan hannu ya juya ya bi lanƙwasar allurar. Ba a tura ta gaba kamar ƙusa, domin haka ke yaga nama. Idan ta fito, a ja zaren har wutsiyar da ta rage ta zama kamar santimita 2, a ajiye ta inda ido ke ganinta. Dogon ɓangaren a sassauta shi ya yi baka, a naɗa shi sau biyu a kan bakin kayan ɗaya hannun, a tafi da hannuwan biyu tare zuwa wutsiyar, a kama ta a can ƙarshenta, a ja su gefe da gefe a kwance, ba sama ba. Sai a sauya hannu a yi naɗi ɗaya ta kishiyar hanya, a sake sauyawa a yi na uku. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin wutsiya ta yi tsawo, da kama ta a tsakiya, da yin naɗin nesa da inda ƙullin zai zauna. Bayan an gama a fito da abin a duba da ido da yatsa: ƙullin yana zamewa, bakin yankan ya haɗu, allurar ta fito a kan ɗigon da aka zana? Kuma tun a akwati a saba da doka ɗaya, cewa allura ba ta fita daga allo ko na sakan guda, domin neman allurar da ta ɓace a tsakanin hanji yana iya cin sa'a guda ko ya kai ga buɗe ciki.

Likitan mata yana da ƙarin aiki a nan wanda darussan gama-gari ba su tanada ba. Shi a gefen mara lafiya yake tsayawa yana fuskantar ƙafafunta, kuma yankan da zai ɗinka wani a kwance yake, kamar saman farji bayan cire mahaifa, wani a tsaye, kamar jikin mahaifa bayan cire ƙari. Don haka a riƙa juya abin ɗinkin, a ɗinka daga hujin gefe biyu, a kuma ɗinka da hannuwa biyu daga gefe ɗaya, har kowace kusurwa ta daina zama baƙuwa.

Idan waɗannan sun zauna, sai a koma ga abin da ya yi kama da aikin gaske. Hanjin rago daga wurin mahauta, idan aka cusa masa guntun hanta aka ɗaure shi a jikin soso, yana ba da siffar cikin da ya zauna a ƙahon mahaifa, a koyi tsaga shi a fitar da abin ciki, a kuma koyi cire shi gaba ɗaya ana bin gefensa kusa-kusa. Balan-balan mai ruwa da aka saka cikin wata balan-balan tana koyar da ɓare ƙullutun ruwa daga jikin ƙwan mace ba tare da an fasa shi ba, kuma idan ya fashe babu mai gardama a kan sakamako. Fatar cinyar kaza tana koyar da rabuwar shimfiɗa da shimfiɗa. A zafin Yamai irin wannan kaya ba ya jira, a yi aiki da shi a ranar, a wanke akwatin.

Awo da rajista

Duk abin da aka faɗa a sama wasa ne idan ba a auna shi ba. Mutum yana iya shekara yana taɓa akwati, yana jin daɗin abin da ya riga ya iya, yana kauce wa abin da ke ba shi wuya, ya fito yadda ya shiga. Saboda haka a ajiye rajista kusa da akwatin, kowa da shafinsa, a rubuta rana da darasi da sakan nawa aka ɗauka da kuskure nawa aka yi. Mizanin gwaninta da aka fi amfani da shi a tsarin FLS shi ne sakan 48 ga sauya wuri, 98 ga yankan da'ira, 53 ga zarge, 136 ga ɗinkin da ake ƙulla shi a waje a tura, da 112 ga wanda ake ƙullawa a ciki. Ba a cewa mutum ya kai sai ya yi haka sau biyu a jere babu kuskure, kuma ga sauya wuri da ƙullin ciki ana neman ya ƙara maimaita nasarar sau goma. Waɗannan alƙaluma an fitar da su ne a kan kayan da aka daidaita awonsu, don haka a akwatin gida ya fi kyau a roƙi manyan likitoci biyu ko uku da suka ƙware su yi kowane darasi sau da yawa, a ɗauki matsakaicin lokacinsu ya zama mizanin sashen. Wasu malamai ba sa son a riƙe musu agogo a gaban ɗalibai, ana iya yin wannan bayan an tashi aiki.

Agogo yana da haɗarinsa. Mai koyo da ya sa sauri a gaba yakan fara fizga, ya riƙa cin lokaci da mugun hannu. A makonnin farko a ƙirga kuskure kaɗai, a bar agogo sai motsi ya yi tsabta, domin lokaci yana raguwa da kansa idan motsin banza ya ragu.

Yadda aka rarraba horon ya fi yawansa tasiri. Wani bincike da aka yi a Toronto a 2006 ya kwatanta likitocin da aka koya wa ɗinkin ƙananan jijiyoyi a zama huɗu cikin yini ɗaya da waɗanda aka ba su zaman huɗun mako-mako, kuma da aka gwada su bayan wata guda, na mako-makon ne suka fi riƙe abin. Wannan ya kamata ya sa mu sake duban irin bitar kwana biyu ko uku da ake shiryawa idan baƙin malamai sun zo, a raba takardar shaida a watse. Tana da amfani wajen nuna hanya, amma ba ta gina hannu. Minti 30 zuwa 45, sau uku ko huɗu a mako, shi ne abin da ke ginawa, kuma ba washegarin gardi ba, lokacin da ido ke rufewa. Akwatin ya zauna a ɗakin da masu koyo ke hutawa, inda za a same shi ba sai an nemi mai mabuɗi ba. A yi horon bibbiyu, ɗaya yana aiki ɗaya yana riƙe da agogo da kyamara, sannan aƙalla sau ɗaya a mako babban likita ya tsaya ya kalla ya gyara, domin wanda ke maimaita kuskure shi kaɗai ƙwarewa yake yi a kan kuskuren. Faifan aikin gaske ma yana taimakawa, kuma shafin WebSurg na cibiyar koyar da tiyata ta IRCAD da ke Strasbourg a Faransa yana ba da su kyauta, da yawa cikin Faransanci.

Abin da akwati ba ya koyarwa da kansa

Kaso mai yawa na munanan raunukan wannan tiyata yana faruwa ne a lokacin shiga ciki, kafin a ga komai a allo. A haɗa abin gwaji na dabam, soso da fata da leda a shimfiɗe bisa bakin roba, a sa balan-balan a ƙasa, a koyi riƙe allurar Veress, wadda ake fara hura iska a ciki da ita, a jikinta kamar alƙalami, a ji yadda take ratsa shimfiɗa ɗaya bayan ɗaya, a koyi tsayar da hannu da zarar ta faɗa. A san cewa babbar jijiyar jini tana rabuwa biyu ne a ƙarƙashin cibiya, kuma a jikin siririyar mace tazarar ƴar kaɗan ce, shi ya sa ake karkata allurar wajen mara da kusan digiri 45, a miƙar da ita tsaye ga mai jiki kaɗai. A koyi karanta na'urar hura iskar CO2: matsin farko ya kasance ƙasa da 10, na aiki kuma tsakanin 12 da 15 a ma'aunin milimitan zaiba. A koyi shiga a buɗe irin ta Hasson, wato a ɗan tsaga wurin cibiya ana gani kafin a sa turoka. Ga matar da aka taɓa yi wa fiɗa ta tsakiyar ciki, inda hanji kan manne a bayan cibiya, akwai wurin Palmer, santimita 3 a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, amma sai an zuƙe tumbi da tiyo, kuma sai an lalubi saifa tukuna, domin a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa kumburarriyar saifa ba abin mamaki ba ce. Hujin gefe kuwa ana yin su ne ana kallo daga ciki, a kauce wa jijiyoyin da ke hawa bangon mara.

Wutar ƙona jijiya ita ma sai an zauna an karance ta, sannan a gwada ta a kan naman kaza da na'urar gaske, a yanka wurin a ga nisan da zafi ya yi a ɓoye. A duba rigar kowane kayan aiki ko ta tsage, kada a taka fedar da ke kunna wutar sai bakin ƙarfen yana cikin allo, kuma a tuna bakin yana nan da zafi bayan an ɗaga ƙafa. A san inda bututun fitsari mai saukowa daga ƙoda yake bi ta ƙarƙashin jijiyar mahaifa. Ƙunar hanji ko ta wannan bututu ba ta nuna kanta a ranar, sai bayan kwanaki, lokacin da matar ta riga ta koma garinsu, watakila tafiyar yini guda daga asibiti. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a yi wa kowace mara lafiya da mai jinyarta bayanin alamun da za su dawo da su nan take, wato ciwon cikin da ke ƙaruwa, zazzaɓi, amai, kumburi, ko raguwar fitsari.

Akwai kuma atisayen da ake yi da dukan ma'aikatan ɗakin, mai sa barci da mai miƙa kaya da mai kula da na'ura. A ɗauki rabin sa'a a kwaikwayi ɗaukewar wutar lantarki ana tsakiyar aiki, da ƙarewar tukunyar iska, da ɓarkewar jini har allo ya yi ja, a ga wa zai yi me, a ga minti nawa ake ɗauka kafin kayan buɗe ciki su iso hannu. Komawa ga buɗe ciki hukunci ne na likita mai hankali, kuma mai koyo ya ji haka daga bakin malaminsa tun kafin ranar ta zo.

Wanda ya cika mizanin akwati sai ya shiga aikin gaske daki-daki, malami yana tsaye a gefensa da hannu a wanke, kuma mara lafiya ta san mai koyo zai sa hannu. A fara da leƙen ciki da gwajin shuɗin ruwa, wanda ke nuna ko ƙahon mahaifa a buɗe yake, ga mai neman haihuwa, sannan ɗaurin ƙahon mahaifa, sannan cire ƙahon da ciki ya zauna a cikinsa ga matar da jininta bai zuba ba, sannan ƙullutun ƙwai marasa rikici. Cire ƙarin mahaifa da cire mahaifar kanta suna can gaba, bayan ɗinki ya zama jiki. Matar da aka kawo ciki ya fashe, jini ya cika mara, bugun zuciya yana gudu, ba ta darasi ba ce, a yi mata abin da ya fi sauri a hannun wanda ke wurin. Minti goma a akwati da safiyar ranar aiki yana warware hannu, kuma bayan kowane aiki malami ya ba da maki a kan gane zurfi, da aiki da hannu biyu, da tattalin motsi, da tausasa wa nama, da iya tafiyar da aiki ba tare da an ja shi ba, a rubuta a rajistar nan.

Hannu yana mantuwa idan aka bar shi. Likitan da aka tura Tawa, fiye da kilomita 500 daga malamansa, yana iya yin watanni bai riƙe madubi ba, saboda haka ya tafi da akwatinsa da mariƙin allurarsa, ya ci gaba da cika rajista. Sau ɗaya a wata ya ɗauki faifan ɗinkinsa daga shigar allura har yanke zare ba tare da ya datse komai ba, ya tura wa malaminsa ta WhatsApp, malamin ya mayar masa da gyara. Idan lokacinsa ya haura mizani ko kuskure ya dawo, ya koma zama uku a mako har ya sake cika shi sau biyu a jere kafin a sa sunansa a jerin masu aikin selyo.